Nazari a Kan Labarin Mashaya Jini na Zamanin Tururi

Ina so in yi amfani da wannan fili da Edita ya ba ni in yi bayani a kan waɗansu littattafai biyar na Ingilishi waɗanda wata mata Ba'amurkiya mai suna Gail Carriger ta rubuta. Na farkonsu, watau Soulless, ya fito cikin 2009. Sa'an nan Changeless da Blameless suka biyo baya cikin 2010, Heartless cikin 2011, na ƙarshe kuwa Timeless cikin 2012. Labari ɗaya ne ke gudana a cikinsu duka, an kuma raɗa wa jerin suna The Parasol Protectorate, saboda laimar da tauraruwar labarin ke riƙewa duk inda za ta. Da yawa daga cikinmu in sun ji an ce littafi na mashaya jini ne da soyayya, sai su ce ai wannan tatsuniya ce, ba ta da amfani ga mai shirin jarrabawa. Ni kuwa abin da na gani shi ne, wanda ya iya karanta su zai koyi abu mai yawa game da Ingila ta zamanin Sarauniya Biktoriya, amma fa sai in ya san yadda zai rarrabe tarihi da ƙage, domin marubuciyar ta cakuɗa su da gangan.

Da farko dai sai mu san irin dodon da ake magana a kai. Turawa suna kiransa bamfaya. Na ji waɗansu suna fassara shi da maye, amma ba daidai ba ne. Maye a wurinmu mutum ne mai rai, yana cin tuwo yana zuwa kasuwa, abin da aka ce yana kamawa kuwa kurwa ce. Shi bamfaya matacce ne wanda bai kwanta ba, jini yake sha, ba ya kuma iya fita da rana. Asalin labarinsa daga ƙauyukan gabashin Turai ne. Cikin 1725 da kuma 1732 ma'aikatan gwamnatin Ostiriya sun aika da rahoto daga ƙasar Sabiya cewa ƙauyawa suna tone kabari suna soke gawa da tsinin itace, wai ita ce ke fitowa da dare tana kashe mutane. Wannan bamfaya na farko baƙauye ne talaka. Wanda ya sa masa kwat ya mai da shi basarake shi ne wani likita, John Polidori, cikin gajeren labarinsa na 1819. Daga baya Bram Stoker ya fito da Dracula cikin 1897, shi ma ɗin mai sarauta ne, mai gidan dutse da dukiya. Ku riƙe wannan, domin a kansa Carriger ta yi gininta.

Abu na biyu shi ne tururi. Akwai wani reshe na ƙagaggen labari da Turawa ke kira steampunk, sunan da wani marubuci K. W. Jeter ya ƙirƙiro cikin 1987 a wata wasiƙa da ya aika wa mujallar Locus. Mai irin wannan rubutu yakan koma ƙarni na 19, lokacin da injin gawayi da ruwa ke jan jirgin ƙasa yana juya masaƙa, sai ya ce, to, yaya duniya za ta kasance da a ce masu ƙira na wancan zamani sun ci gaba da tururi har sun yi abubuwan da ba su yi ba? Sai ka ga jirgin balan-balan yana ɗaukar fasinja, ka ga mutum-mutumin ƙarfe yana tafiya da ƙafarsa, alhali kuwa mata suna nan da dogayen riguna, maza da dogayen huluna, ana yawo cikin keken doki.

Labarin kansa ga yadda yake. A Landan ne, wajen shekarun 1870. Mashaya jini da mutane masu rikiɗa su zama kyarkeci ba ɓoye suke ba, gwamnati ta san da su, har akwai ofishin da ke yi musu rajista. An ce duk mutumin da kurwarsa ta yi yawa, irin su mawaƙa da 'yan wasa da masu zane, shi ne zai iya jure cizo ya rikiɗe ya daina mutuwa. Tauraruwar kuwa, Alexia Tarabotti, an haife ta ba ta da kurwa ko kaɗan. Na zaɓi kalmar kurwa ne ban ce rai ba, domin Alexia tana da ranta, tana da cin abinci ƙwarai da son shayi. Amfanin rashin kurwarta shi ne, duk dodon da ta taɓa, nan take sai ya koma mutum, haƙoransa su shige, ƙarfinsa ya tafi, har sai ta ɗauke hannu. A babin farko ma wani bamfaya mayunwaci ya far mata a ɗakin karatu na wani gida da ake liyafa, ta kashe shi da laimarta da tsinken katako na gashinta. Abin da ya fi ɓata mata rai kuwa shi ne ya auka mata ba tare da an gabatar da shi ba, kamar yadda ladabin manyan gida ya tanada. Wanda aka turo bincike shi ne Lord Maccon, mutumin Sikotland, shugaban garken kyarketai, mai faɗa da ƙaton murya. Daga gardama soyayya ta shiga, kamar yadda kowa zai zata.

To, ga inda nazari yake. Duk sa'ad da na ci karo da wani abu a littafin, nakan tsaya in tambayi kaina, wannan ya faru ko kuwa marubuciya ce ta ƙaga? Bari in ba da misali. Littafin ya ce dalilin da ya sa Ingila ta rabu da cocin Roma a zamanin Sarki Henry na Takwas shi ne don ta yarda ta zauna da dodanni. Rabuwar gaskiya ce, an yi ta cikin 1534, amma dalilinta rikicin auren sarki ne da Fafaroma ya ƙi warwarewa. Haka nan jirgin balan-balan. Gaskiya ne wani Bafaranshe, Henri Giffard, ya tashi da irinsa mai injin tururi daga Faris cikin 1852, ya yi tafiyar kilomita 27. Amma jigilar fasinja da irin wannan jirgi ba a fara ta ba sai cikin 1910 a Jamus, bayan Biktoriya ta rasu da shekara tara. Saboda haka tafiyar da Alexia ta yi ta sama zuwa Sikotland a littafi na biyu ƙage ce. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan kuwa, wanda mutum zai zaci shi ne ƙagen, an buɗe shi tun 1863, kuma tururi ne ke jansa cikin rami, hayaƙi na turnuƙe fasinja.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wani baƙo Ba'amurke a littafi na farko, Mista MacDougall, mai neman hanyar auna nauyin kurwa. Kai ka ce raha ce kawai. Ashe kuwa an yi wani likita na gaske a Amurka mai suna Duncan MacDougall, wanda ya ɗora marasa lafiya shida masu gargara a kan gado mai sikeli, ya buga sakamakonsa cikin 1907 yana cewa ɗayansu ya ragu da kimanin giram 21 a daidai lokacin mutuwa. Masana kimiyya ba su karɓi wannan gwaji ba, domin mutanen sun yi kaɗan, awon kuma bai zo ɗaya ba. Carriger ta ɗauko mutumin ta mai da shi baya da shekara talatin da wani abu. Ita kanta ilmin tone-tonen kayan tarihi ta karanta, ina tsammani kuwa shi ya sa take binne irin waɗannan abubuwa don mai haƙuri ya tono.

In an lura da kyau, dodannin nan mutanen Ingila ne aka sa musu haƙora. Mashaya jini suna zaune ne cikin gida da ake kira amya, kamar ta zuma, da sarauniya guda wadda ita kaɗai ke iya mai da mutum irinsu. Suna da barori masu rai da ke yi musu hidima suna ba su jini, da fatan wata rana za a ɗaukaka su. Su ne ke yanke irin tufar da za a yi yayi, da wanda za a gayyata liyafa, da wanda za a juya wa baya. Wannan ai hoton masu sarautar gado ne, waɗanda ba sa noma ba sa ƙira, amma gumin wasu ke ciyar da su, ba sa kuma son kome ya sake. Su kuwa kyarketai soja ne, suna da shugaba da mataimaki da bin umurni, ana tura su Indiya su yi wa Sarauniya yaƙi. Miyagun littafi na farko ma ba dodanni ba ne. Ƙungiya ce ta masana kimiyya masu sace dodanni suna gwaji a kansu don su ga bayansu. A ganina nan ne marubuciyar ta fi yin zurfi, da ta sa mai farin kwat da na'ura ya fi mai haƙora ban tsoro.

Soyayyar ma ba ta rasa darasi ba. Alexia ta haura shekara ashirin da biyar ba ta yi aure ba, mahaifiyarta ta fid da rai da ita, saboda ubanta mutumin Italiya ne, fatarta ta yi duhu a idon Ingilishi, hancinta babba, ga ta da karatu da baki. Wanda bai san halin matan wancan zamani ba zai ɗauka wasa ne. A Ingila kafin dokokin 1870 da 1882, abin da mace ta mallaka yakan koma hannun mijinta da zarar an ɗaura aure, 'yar babban gida kuma ba ta da sana'ar da za ta yi ba a zarge ta ba. Watau in ta yi aure dukiyarta ta tafi, in ba ta yi ba ta zauna ƙarƙashin wani har tsufa. Shi ya sa nake ganin ƙarshen littafi na biyu ya fi duk faɗace-faɗacen nauyi. Bayan sun yi aure Alexia ta sami ciki, Lord Maccon kuwa ya kore ta a gaban mutane, domin kowa ya san irinsa ba sa haihuwa. Jaridu suka ɗauka, gidan uwarta ya ƙi ta, Sarauniya ta tuɓe ta daga muƙamin da ta ba ta. Littafi na uku gudunta ne zuwa Italiya don ta nemo hujjar wanke kanta. Abin da ban yarda da shi ba shi ne saurin da ta yi wajen yafe masa. Mutumin da ya tozarta matarsa haka ya kamata ya fi haka wahala kafin a buɗe masa ƙofa, ko da kuwa ya yi nadama.

Akwai kuma wani gibi wanda mu ya kamata mu gani ko da mai karatu na Landan bai gani ba. Littattafan suna raha da daular Ingila, suna cewa dabarar mashaya jini da ƙarfin kyarketai ne suka sa ta mallaki rabin duniya. Raha ce mai daɗi, amma mutanen da aka mallaka ba su da baki a ciki. Indiya wuri ne kawai da soja ke dawowa daga can. Ko a littafi na biyar da aka tafi Masar, aka sauka Iskandariya aka bi Kogin Nilu, yawancin Misirawa 'yan rakiya ne, labarin na baƙi ne. Daular nan kuwa ba tatsuniya ba ce a gare mu. Biktoriya ta rasu cikin 1901, sojan Ingila suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, jirgin ƙasa mai tururi ya iso Kano cikin 1911, ya shiga kwasar gyaɗa da fata zuwa bakin teku. Injin da ya zama abin ado a littafin, kakanninmu sun san shi ta wata fuska dabam. Ba na cewa a ƙi littafin saboda wannan. Abubakar Imam ma ya kai Alhaji Imam ƙasashen aljannu cikin Ruwan Bagaja, ba wanda ya ce masa ya yi ƙarya, domin kowa ya san ƙagagge ne. Sai dai mai karatu ya san daga wace taga marubuci ke leƙen duniya.

Game da Ingilishin kuwa, yana da ɗan wuya, domin ta kwaikwayi maganar mutanen da, mai dogayen jimloli da habaici. Sau da yawa mutum zai zagi wani da kalmomin girmamawa, in ba ka natsu ba sai ka zaci yabo ne. Ni dabarata ita ce in ajiye ƙamus kusa, amma ba na buɗe shi sai na kai ƙarshen babi, sa'an nan in duba kalmomi biyar ko shida waɗanda suka yi ta maimaituwa. Sunayen tufafi da na abinci sun fi yawa, waɗannan kuwa ana iya wuce su ba a yi hasarar kome ba. A bi su kuma bi da bi daga na farko, don wanda ya fara da na uku ba zai san dalilin gudun Alexia ba.

Wajibi ne in faɗi cewa waɗannan biyar ɗin don manya aka rubuta su, akwai wurare a ciki na tsakanin miji da mata waɗanda ba su dace da 'yan ƙananan aji ba, ya kamata kuma duk mai son karantawa ya shawarci malamin Ingilishi tukuna. Ƙannenmu na aji ɗaya zuwa uku ba a bar su a baya ba, gama marubuciyar ta yi wani jeri na littattafai huɗu don matasa, na farkonsu Etiquette & Espionage wanda ya fito cikin 2013. Duniyar ɗaya ce, sai dai an koma baya zuwa shekarun 1850. Labarin wata yarinya ce mai suna Sophronia, 'yar shekara 14, da aka kai makarantar kwana ta koyon ladabi, ta tarar makarantar tana shawagi ne a sama cikin jirgin balan-balan, ana koya wa 'yan mata rawa da gaisuwa da leƙen asiri, ɗaya daga cikin malamansu kuma bamfaya ne wanda ba ya shiga aji sai rana ta faɗi.