Fitilun sola a bakin titin Karfi: ina hasken yake sauka?

Duk wanda ya bi titin Funtua zuwa Malumfashi bayan sallar isha'i zai ga fitilun sola sun yawaita a Karfi da garuruwan da ke kusa da ita, amma mai tafiya a ƙasa bai daina laluben hanya ba. Ga wata tana dallare ido a ƙofar shago, turken gaba a mace, na gaba da shi kuma yana ci kamar aci-balbal da mai ya ƙare mata. A tsakaninsu duhu ne baƙi ƙirin, kuma a cikinsa yara ke tsallaka kwalta su je sayen ƙosai.

Mai wannan rubutu sana'arsa ke nan, girka sola da gyaranta a wannan yanki. Maganar da ya fi ji daga masu kiransa ita ce: "Injiniya, a sa mana mai ƙarfi, wadda za ta haske ko'ina." Yana fahimtarsu sarai, domin yankin ya sha fama da 'yan bindiga, kuma wanda ya taɓa kwana da fargaba ba za a ga laifinsa ba don ya nemi haske. Sai dai fitila mai ƙarfi da aka ɗaga kanta tana kallon titi tana iya zama haɗari ga wanda aka kafa ta dominsa.

Dalilin yana cikin ido. Idon mutum na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, amma haske mai kaifi na ɗan lokaci ya isa ya rushe wannan sabo. Direban da ya fito daga dajin da babu fitila, farin haske ya buge shi a fuska, ya sake faɗawa duhu, zai yi 'yan daƙiƙu bai ga komai da kyau ba, mota kuwa tana gudu. Haka abin yake ga ɗan sintiri: idan fitila na kansa, na cikin inuwa yana ganinsa tas, shi kuwa ba ya ganin kowa.

Mafi yawan fitilun da ake kafawa yanzu irin waɗanda faranti da batir da ƙwai suke haɗe a jiki ɗaya ne. Farantin yana son a ɗan karkata shi kudu, kimanin digiri 12 a wannan yanki. Da an wuce gona da iri wajen karkatawa, ƙwan ma ya ɗaga, haskensa ya tafi idon masu wucewa da tagogin maƙwabta da sararin sama, ƙasar da ake takawa kuma ta samu saura. Gyaran sau da yawa bai wuce sassauta noti biyu a sunkuyar da kan ba.

Mutuwar fitilun da wuri ma tana da dalilai. Ƙurar hunturu tana lulluɓe faranti, babu mai hawa ya goge. Zafin Maris zuwa Mayu yana gajiyar da batir. Reshen darbejiya ya tsiro ya tare rana. Lambar watt da ke jikin kwali kuma sau da yawa ta fi abin da ke ciki nesa ba kusa ba. Abin da ya fi damun marubucin shi ne lokacin da raunannen batir ke ƙarewa: wajen ƙarfe uku ko huɗu na dare, daidai gabanin fitar mutane masallaci da asuba da sammakon manoma. Da yawa daga cikin fitilun nan aikin mazaɓu ne, an kafa an tafi, ba a bar wa kowa alhakin kula da su ba.

Mai tafiya a ƙasa shi ma yana da nasa rabon. Yana ganin fitilar mota tun daga nesa, sai ya ɗauka direba ma ya gan shi. Ƙaramar fitilar mota ba ta haska abin da ya wuce mita 50 zuwa 60, motar da ke gudun kilomita 80 a awa kuma tana cin sama da mita 50 kafin ta tsaya, ko da birki da taya lafiyarsu ƙalau. Tirela mai ɗauke da buhunan masara ta fi haka. Mutum mai baƙar riga ba a hango shi sai an zo dab da shi. Tun 1972 motoci a Najeriya hannun dama suke bi, saboda haka wurin mai ƙafa shi ne gefen hagu, yana fuskantar motar da ke tahowa, da tufa mai haske, tocila kuma tana kallon ƙasa ba fuskar ɗan acaɓa ba. A lokacin kaka abin ya fi tsanani, ga amalanken shanu da ba su da ko sitika mai ƙyalli a baya, ga shanyar hatsi a gefen kwalta tana tura mutane tsakiyar titi.

Launin hasken ma abin dubawa ne. Farin nan mai shuɗi-shuɗi ya fi ɗaukar ido, ya fi hana barci idan ya shiga ɗaki, ya kuma fi tara ƙwari. Da damina, inda ƙwari suka taru kwaɗi na zuwa, maciji kuma na bin kwaɗi. Shi ya sa marubucin ba ya son kafa turke a cikin ciyawa kusa da inda yara ke wasa. A 2016 ƙungiyar likitocin Amurka ta ba da shawarar fitilun titi kada su wuce kelbin 3,000, wato haske mai ɗan ruwan ɗorawa, alhali yawancin na kasuwanninmu suna kan 6,000 ko fiye. A shekarar ce kuma wata taswirar hasken dare ta duniya ta nuna sama da kashi 80 cikin ɗari na mutane suna zaune ƙarƙashin sararin da hasken lantarki ya gurɓata. Karfi ba ta kai nan ba. Har yanzu dattijo zai iya nuna wa jikansa taurarin Kaza da 'ya'yanta daga bayan gari, kuma babu dalilin da zai sa a rasa wannan don neman tsaro, tunda hasken da ya tafi sama bai tsare kowa ba.

Idan za a kawo wa unguwa fitilu, ya kamata mai unguwa da matasa su tsaya a kan wurin da za a kafa su: mashigar masallaci, bakin kwalbati, inda ake tsallaka titi, da ƙofar asibiti. Matsakaitan fitilu da aka jera kusa da juna sun fi babba ɗaya amfani. A tambayi mai girkawa awa nawa batirin zai yi, a fito da asuba a duba, kuma a ware mutum da tsani da ɗan kuɗin gogewa tun kafin hunturu ya kama.