Kafin a yi wa kwamfuta formata, a karanta shuɗin allon

A cikin Afrilu, lokacin da zafin Madawa ke haura digiri 40, wani yaro mai tsaron ɗakin gem ya ɗauro mini kwamfuta a bayan babur tun daga Buza. Ana tsakiyar buga gem ɗin PES, in ji shi, sai allo ya yi baƙi, sauti ya sarƙe, can sai shuɗin allo. Sau uku ana yi mata formata, kowane karo ya biya, hotunan bikin yayarsa kuwa tun a karon farko suka salwanta.

Na ce, "Ƙanena, me allon ya rubuta?" Ya ce shi dai shuɗi ya gani.

To, a wannan rubutun maganin yake. Direba, wanda kwamfutocinmu masu Faransanci ke kira pilote, manhaja ce mai tafinta tsakanin Windows da katin hoto. Daƙiƙa 2 kacal Windows ke jiran katin ya amsa. In ya yi shiru, sai ta sake tayar da direban, shi ne za ka ga allo ya ƙifta ya dawo. In tashin ya gagara, sai shuɗin allo mai ɗauke da VIDEO_TDR_FAILURE, a ƙasa kuma sunan mai laifin: nvlddmkm.sys na Nvidia ne, atikmpag.sys na AMD, igdkmd64.sys na Intel. Ɗauki hoton allon da waya kafin ya ɓace.

Mu masu gyara ma da namu laifin. Data na da tsada, sai mutum ya riƙe filas guda mai tarin direbobi yana ɗura wa duk kwamfutar da aka kawo, ta dace ko ba ta dace ba. Ni ma na yi haka a baya. Alhali yawancin na'urorin da ke shigo mana ta Konni da Maradi tsofaffi ne, kuma sabon direba ba kullum yake zama lafiya da tsohon kati ba. In matsalar ta fara ne bayan sabuntawa, shiga Gestionnaire de périphériques ka danna Restaurer le pilote. In ta ƙi, cire intanet, shiga Mode sans échec, share tsohon direban tas da manhajar DDU, kyauta ce, sannan ka sa wanda ya dace da lambar katin daga shafin kamfaninsa. In laftof ce, na HP ko Dell ɗin da ya ƙera ta za ka fara nema.

Haka na yi wa kwamfutar yaron nan. Ta yi kusan rabin awa lafiya lau, sai ta sake ɗaukewa. Na buɗe manhajar GPU-Z, zafin katin ya wuce digiri 90. Da na kwance murfin, ƙurar hunturu ta dunƙule a fanka kamar auduga, man sanyaya kuma ya bushe ya zama ƙanzo. A ɗakin gem ɗin, a ƙasa suke ajiye ta, jikin bango, ɗakin ba taga. Ashe ciwo biyu ne a jikinta, formata kuwa ko ɗaya ba ta taɓa.

Ga yadda nake rarrabewa. Kwamfutar da ke mutuwa da zarar an buɗe gem, ko da sanyin safiya, direba nake tuhuma. Wadda sai ta ɗauki lokaci, kuma abin ya fi tsanani bayan azahar, zafi ne. In tana ɗaukewa duk lokacin da janareta ya sauya murya, a duba wuta. Wadda ke nuna zane-zane tun a tambarin kamfani, kafin Windows ta tashi, katin ne ya gaji, kada wani ya karɓi kuɗinka da sunan direba.

Masu ɗakunan gem na Madawa, Buza da Keita, don Allah ku ɗora kwamfutocinku a kan tebur, ku hure ƙura kafin bazara ta shigo. In kuma za ku kawo gyara, ku taho da hoton shuɗin allon.