Gidan da Babu Zaure: Darasi a Kan Waya, Talabijin da 'Ya'yanmu

'Yan uwa, darasin wannan Juma'ar ya samo asali ne daga tambayar da wani ɗan kasuwa ya tare ni da ita a bakin masallaci bayan isha'i. Ya ce, "Malam, yarona shekararsa goma sha biyu, ya hana ni sakat sai na saya masa babbar waya, wai duk 'yan ajinsu suna da ita. In saya ko in hana?" Na ce masa, Alhaji, wannan ba maganar tsaye ba ce, ka bari in rubuta, don ba kai kaɗai take ci wa tuwo a ƙwarya ba.

Duk wanda ya tashi a Kano, Katsina, Zariya, Sakkwato ko Maraɗi ya san fasalin gidan da aka haife shi. Da farko zaure, sai shigifa, sannan tsakar gida. Baƙo yakan tsaya a ƙofa ya yi sallama, yaro ya ruga ciki ya ce ana sallama da maigida. Wasu gidajen har rubutawa ake yi a bango, ba shiga. Aikin zaure shi ne tacewa: wa zai wuce, wa zai tsaya, wa za a sallama daga nan. Ko maigida ya tafi fatauci, akwai kaka, akwai baffa, akwai maƙwabcin da in ya ga ɗanka a inda bai dace ba zai ja masa kunne tun kafin labari ya iso gare ka.

To mu da neman abinci ya kawo Lugbe fa? Mafi yawanmu ɗaki da falo muke haya a Tudun Wada, Sabon Lugbe ko Pyakasa, mai ɗan hali ya kama gida a FHA. Ƙofar falo ita ce ƙofar gida. Kaka tana can ƙauye. Maƙwabci mutumin kirki ne, amma daga wata jihar ya zo, ba zai tsawata wa ɗanka ba don gudun abin da zai je ya dawo. Maigida kuma yana idar da asuba ya kama titin filin jirgi don ya riga cunkoso zuwa Wuse, Garki ko Utako, ba ya dawowa sai duhu ya yi. A cikin wannan giɓin ne waya ta samu wurin zama. Wani abin ban takaici, kalmar zaure ma ta koma cikinta: yanzu in ka ji an ce zaure, na WhatsApp ake nufi, inda mutum ɗari biyu da ba ka taɓa gani ba suke zaune a aljihun ɗanka.

Abin bai daɗe ba. A 2001 aka fara wayar salula ta GSM a Najeriya, kuma shekaru da dama kira ne kawai da saƙo. Talabijin guda ce a falo, kowa ido a kan abu ɗaya, maigida ya yi gyaran murya a canza tasha. Ko lokacin da Arewa24 ta buɗe a 2014 aka riƙa taruwa kallon Daɗin Kowa, shirin yana da ranarsa da lokacinsa, in ya ƙare ya ƙare. Tashar talabijin tana ƙarƙashin dokar NBC, fim ɗin da aka yi a Kano kuma yana bi ta hannun Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001. Ko ba su yi aikin yadda ake so ba, akwai dai wani zaure a tsakani. Sai Netflix ta shigo ƙasar nan a 2016, Northflix ta biyo baya a 2019, masu shirya fina-finan Hausa suka koma YouTube da irin su Izzar So da Labarina. Sannan kullen korona da ya fara a Abuja ranar 30 ga Maris, 2020 ya zaunar da yara a gida watanni, iyaye da yawa suka miƙa musu waya da hannunsu don karatu ko don a samu lafiya. Makarantu sun buɗe, wayar ba ta dawo ba.

Ni ban cika damuwa da shirin da kuka zaɓa kuka kunna ba, ko da yake shi ma yana buƙatar ido. Damuwata ita ce abin da ke biyo bayansa. YouTube da TikTok da 'yan uwansu da talla suke cin abinci, kuma yawan tallan da za su nuna maka ya dogara ga daɗewarka kana kallo. Don haka aka gina su yadda bidiyo na ƙarewa wani zai hau da kansa. Na'urar tana lura da inda ka tsaya, da abin da ka maimaita, da wanda ka wuce da sauri, sai ta ƙaro maka irin wanda ya riƙe ka. Ba ta san halal ba, ba ta san haram ba, ba ta san mai kallon ɗan shekara tara ne ba. Uwargida ta kunna Labarina ta shiga kicin duba tukunya, kafin ta fito an wuce bidiyo huɗu, na biyar ɗin ko ita ba za ta iya kallonsa a gaban surukarta ba.

Wani zai ce to a ƙwace kawai, a huta. Da zai yiwu da an yi. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗayanta a kwamfuta ake rubuta ta, yaron da bai taɓa latsa komai ba zai shiga ɗakin jarrabawa hannunsa na rawa. Da wayar nan ake ganin fuskar kaka ranar Sallah, da ita ake sauraron tafsirin malaman gida, da ita Hajiya take tallar atamfa da turaren wuta ba tare da ta fita ba. Wanda kuma aka hana a gida zai gani a wayar aboki, a can inda babu mai ce masa kul.

Mu koma ga abin da muka sani. A Suratun Nur, aya ta 27, an koya mana neman izini da sallama kafin shiga gidan da ba namu ba. A aya ta 58 kuma an shigo har cikin gida, an ware lokuta uku da ko yaran gidan da ba su balaga ba sai sun nemi izini kafin su shiga wurin iyayensu: kafin sallar asuba, da lokacin hutun tsakar rana, da bayan sallar isha'i. Aya ta 59 ta ci gaba da hukuncin bayan sun balaga. Ba ina cewa a kan waya aka saukar da ayoyin ba, izina muke ɗauka. Gida yana da ƙofa, yana da lokuta, kuma ana koya wa yaro haddi tun kafin ya san dalilinsa. Mu ne muka tsare ƙofar ɗakinmu daga 'ya'yanmu bayan isha'i, sannan muka bar ƙofar nasu ɗakin a buɗe ga duk wanda ya ga dama a duniya, a daidai wannan lokacin.

Shi ya sa in za ku ɗauki abu ɗaya daga darasin nan, ku ɗauki maganar dare. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare mai arha da ke aiki daga wajen tsakar dare zuwa asuba, canjin aike ma ya isa yaro ya saya. Kana barci ka gaji da kasuwa, shi yana cikin bargo ido biyu. Da safe ka yi ta fama ya tashi salla, malamin makaranta ya aiko cewa yana gyangyaɗi a aji, malamin Islamiyya ya ce hadda ta tsaya, kai kuma kana tunanin ko shawara ce ke damunsa. Maganin ba ya buƙatar ko sisi: waya ba ta kwana a ɗakin yara. A ajiye soket guda a falo ko a ɗakin iyaye, bayan isha'i kowa ya kawo tasa. Za su ce ai sai cikin dare ake kawo wuta, caji za su yi. To a yi cajin a nan. Kuma Alhaji, har da taka. Yaron da yake jin ƙarar bidiyo daga ɗakinka ƙarfe ɗaya na dare ba zai ɗauki dokar da muhimmanci ba, kuma yana da gaskiya.

Abu na biyu shi ne tsohuwar wayar baba. Ka je Banex ka sayi sabuwa, ka miƙa wa yaro tsohuwar yadda take, da layinka, da asusunka na Google. Ƙa'idar NCC ita ce sai mai shekara 18 ke yi wa layi rajista, don haka duk layin da ke hannun ɗanka da sunan wani babba yake, kuma abin da aka aikata da shi a kan NIN ɗin wannan babban zai faɗa. Facebook, TikTok da Instagram duk sun ce sai ɗan shekara 13, amma wayar da ke ɗauke da shekarun haihuwarka ta ɗauka magidanci ne ke riƙe da ita, komai a buɗe. Kafin ka bayar, a goge ta tas, a buɗe wa yaron asusunsa da shekarunsa na gaskiya, a haɗa shi da wayarka ta manhajar Family Link, kyauta ce. Daga nan kana shago za ka iya ƙayyade masa awoyi, ka sa ta kulle da dare, kuma ba zai sauke wata manhaja ba sai ka yarda. Masu iPhone suna da irinsa, Screen Time. In ba ka iya ba, ba abin kunya ba ne, samarin da ke sahun baya da yawansu minti goma ya ishe su. Amma kada ka saki jiki: abin da aboki ya turo ta Xender ba ya buƙatar data, kuma manhaja ba ta ganinsa yadda idon uwa zai gani.

Ku kula da layin da saƙon banki ke shigowa. Cacar ƙwallo ta shiga waya, kuma yaron da ya san lambar sirrinka don kana aikensa wurin mai POS ya riga ya san hanya.

Iyayenmu mata, ban manta da wahalarku ba. Mace ita kaɗai a gidan haya, ga girki, ga wanki, ga goyo yana kuka, babu ƙanwa babu kaka, dole ta miƙa masa waya ya yi shiru. Ba laifi nake ɗora muku ba. Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allon kallo, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. A wannan shekarun yake koyon magana, kuma daga bakin mutum ake koyonta. Nan Lugbe na sha ganin ɗan shekara huɗu yana zuba Turancin katun, amma in aka haɗa shi da kakarsa a waya sai dai su yi ta kallon juna. A talabijin mai intanet kuma a kashe wurin da bidiyo ke hawa da kansa, a buɗe wa yara nasu sashen, na manya a sa masa lambar sirri. Ba mu kaɗai ke wannan fama ba: Ostireliya ta yi doka a Nuwamban 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar asusu a manyan kafofin sada zumunta, ta fara aiki a Disamban 2025.

Saura magana mai nauyi. A Yulin 2024 kamfanin Meta ya sanar da rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya saboda damfara ta hanyar hotunan tsiraici. Akasarin waɗanda suke farauta manyan maza ne a Amurka, amma har da ƙananan yara. Yadda suke yi: a zo wa mutum da hoton budurwa, a yi ta hira har ya sake, a nemi ya turo hotonsa, yana turowa a ce ko ya biya ko a watsa wa danginsa. Haɗarin a gare mu biyu ne, ko ɗanka ya faɗa tarkon, ko abokai su koya masa ɗana shi. Abin da waɗannan mutane suka dogara da shi kuwa shi ne tsoron da yaro yake yi wa ubansa. Yarinyar da ta san in ta faɗa kashinta ya bushe, za ta yi shiru ta yi ta biya, ko ta aikata abin da ya fi wannan muni. Saboda haka ku faɗa musu tun yau, da bakinku, cewa duk abin da ya faru a waya su zo su gaya muku, ba za a fara da bulala ba. In kuma ta faru, kada a biya ko kwabo, don biya ba ya kawo ƙarshenta. Kada a goge saƙonnin, a ɗauki hotonsu, a toshe mutumin, a kai ƙara wurin 'yan sanda, suna da cibiyar yaƙi da laifukan intanet a nan Abuja.

Shi kuma Alhajin da ya yi tambaya, ga amsarka. A shekara goma sha biyu, ka saya masa ƙaramar waya mai tocila don kira in ya tafi makaranta ko Islamiyya. Babbar kuma ta zama ta gida, a hannun mahaifiyarsa, ya yi aikin makaranta da ita a falo inda ake wucewa, ya kalli ƙwallonsa ranar Asabar, bayan isha'i ta koma soket. Ka zaunar da shi ka gaya masa shekarar da za ka saya masa tasa da sharuɗɗan da za su zo da ita, ka sa mahaifiyarsa ta zama shaida, kuma in lokacin ya yi ka cika alkawari.