Injin niƙa

A Maraɗi, Damagaram da Tawa, kusan kowace unguwa tana da injin niƙa. Hatsin da mace take daɗewa tana daka a turmi, inji yana mai da shi gari cikin ƴan mintoci.

Amma inji ba ya bambanta hatsi da yatsa. Ana zuba tsaba cikin mazurari, ta gangara tsakanin duwatsun ƙarfe 2, ɗaya a kafe, ɗaya yana juyawa. In tsabar ta toshe, mai inji ba ya tura ta da hannu. Sai ya kashe injin, ya jira dutsen ya tsaya cak, domin ko an kashe shi yakan ɗan ci gaba da juyawa. A nan masu gaggawa suke rasa yatsunsu.

Igiyar da ke juya dutsen ita ma mugunya ce. Tana fizgar bakin riga ko zane, ta ja mutum. Shi ya sa yaron inji yake sa riga mai gajeren hannu, kuma mai inji na kirki yana rufe igiyar da ragar ƙarfe. Yarinyar da aka aiko niƙa sai ta ajiye ƙwaryarta, ta koma bakin ƙofa. Cikin ƙarar inji, ko ta yi kuwa ba a jin ta da wuri.

In duwatsun suka dakushe, ana wasa su. Mai wasa yana sa tabarau saboda tartsatsi. Bayan wasa, dusa ake fara niƙawa a zubar, don ta kwashe garin ƙarfe kafin a sa hatsin mutane.