Darasi: Yadda Wayoyin Android Ke Haɗa Kai Su Gano Girgizar Ƙasa

Darasinmu na yau kan tsarin sensa mara kebul ne, wato ƙananan na'urori da ake bazawa a wurare daban-daban, kowacce tana auna wani abu kamar zafi, danshi, hayaƙi ko motsi, tana aika rahoto ta iska. Kowace ɗaya tana da sassa 4: sensa, ƙaramar ƙwaƙwalwa, rediyon aika saƙo, da batir. Duba da kyau, wayar hannunka tana da su duka.

A cikin wayarka akwai sensar motsi mai suna akselaromita, ita ce ke juya sikirin idan ka karkata wayar. A shekarar 2020 Google ya fara amfani da ita wajen gano girgizar ƙasa. Idan waya tana ajiye a caji ta ji wani irin motsi, sai ta tura sigina da kusan wurin da take zuwa babbar kwamfutar kamfanin. Waya ɗaya ba hujja ba ce, wataƙila mota ce ta wuce. Amma idan wayoyi da yawa a gari ɗaya suka yi rahoto lokaci guda, to magana ta tabbata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ta yaya gargaɗi ke riga girgizar isowa? Girgiza tana fitar da igiyoyi iri 2. Ta farko tana gudun kusan kilomita 6 a daƙiƙa, ba ta cika ɓarna ba. Ta biyu, mai rusa gini, tana gudun kusan kilomita 3.5. Wayoyi suna jin ta farko, saƙon intanet kuma ya fi su duka sauri. Mu lissafa: wanda ke nisan kilomita 70, igiya ta biyu sai ta yi daƙiƙa 20 kafin ta iske shi. Ko an ci rabin lokacin wajen tantancewa, saura ya ishe shi shiga ƙarƙashin tebur.

Sai dai tsarin ya taɓa gazawa. A girgizar Turkiyya ta 6 ga Fabrairu 2023, mai ƙarfin maki 7.8, wadda ta kashe sama da mutum 50,000, lissafinsa ya nuna ba ta kai maki 5 ba, don haka miliyoyin mutane ba su samu gargaɗi mai ƙarfi ba. Wayoyin sun ji motsin, manhajar da ke fassara shi ce ta yi kuskure. Duk mai koyon rubuta manhaja ya riƙe wannan.

Aikin gida: sauke manhajar gwajin sensa daga Play Store, ajiye wayar kan tebur, ka ƙwanƙwasa teburin a hankali, ka ga yadda lambobin ke tsalle. Sai mun haɗu a darasi na gaba.