Darasin Lafiya: Idan Mabiyiya Ta Manne a Mahaifa

'Yan'uwa cikin Kristi, mun san haihuwa ba ta cika ba sai mabiyiya ta faɗo. Yawanci takan fito cikin minti 30. Amma wani lokaci takan kafu cikin naman mahaifa, ta ƙi rabuwa. Idan aka ja ta da ƙarfi, jini zai ɓalle, mace na iya rasa ranta nan da nan.

Wa ya fi shiga hatsari?
Macen da aka taɓa yi wa aiki aka ciro jariri, musamman fiye da sau ɗaya, da wadda aka yi wa wankin ciki, da wadda mabiyiyarta ta tare bakin mahaifa. Sau da yawa hoton ciki yakan nuna matsalar tun kafin naƙuda. Likitoci sukan shirya aiki tsakanin mako 34 da 36, da jini a ajiye.

Dole ne a cire mahaifa?
Yawanci cirewar ce ke ceton rai. Amma ga mai son sake haihuwa, akwai hanya biyu da ƙwararru ke bi:
1. A ciro jariri, a yanke cibiya, a bar mabiyiya a ciki, a ɗinke. Jiki yakan shanye ta ko ya fitar da ita cikin makonni ko watanni.
2. Idan wurin da ta manne ƙarami ne, a yanke shi tare da ita, a gyara mahaifar.

Barin mabiyiya aikin babban asibiti ne kaɗai. Dole mace ta riƙa komawa awo. In ta ga jini, zazzaɓi ko ruwa mai wari, ta koma a ranar, domin wataƙila sai an cire mahaifar. Matsalar kuma tana iya dawowa a ciki na gaba.

Me za mu yi?
• Ungozoma, kada ki ja cibiya, kada ki sa hannu. Minti 30 ya wuce, ko jini na zuba, sai asibiti.
• Maigida, ka ba da izini da wuri. Matar da aka cire wa mahaifa ba ta ragu a gaban Allah ba.
• Zumuntar mata ta buɗe asusun kuɗin mota, matasa kuma su shirya ba da jini.

Mu yi addu'a muna kan hanya, ba muna zaune ba.

Don tattaunawa: Idan haka ta faru a ƙauyenmu da tsakar dare, motar wa za mu tasa?