Mu San Ƙasarmu: Birnin Onitsha da Babbar Kasuwarsa

Birnin Onitsha, wanda fataken Arewa suke kira Anaca, yana gaɓar gabas ta Kogin Kwara, kusa da inda Kogin Anambara ya zubo cikinsa, a Jihar Anambara. Abin da za mu koya a wannan darasi shi ne, kogi da baƙi su ne suka ɗaukaka garin, zaman lafiya kuwa shi ne jarin kasuwarsa.

Asalin Gari

Tarihin baka ya nuna cewa kakannin mutanen Onitsha sun taso ne daga ƙasar Binin tare da shugabansu Eze Chima, suka ƙetare kogi suka zauna a kan tudu. Sarautar garin ita ce Obi. Igwe Alfred Nnaemeka Achebe ya hau gadon a 2002. Kowace shekara, wajen watan Oktoba, akan yi bikin Ofala, inda sarki yake fitowa cikin ado, manyan fadawa masu jajayen huluna su zo gaisuwa, kamar yadda hakimai suke yi wa sarki mubaya'a a hawan salla.

Garin kashi biyu ne: tsohon gari na kan tudu, da kuma bakin ruwa, inda baƙi suke sauka. Tun gabanin zuwan Turawa, jiragen kwale-kwale na Igala da Nufawa suna gangarowa daga Idah da mahaɗar Kwara da Binuwai, ɗauke da hajar Arewa. A 1857 Turawan ciniki suka kafa kanti a nan, Samuel Ajayi Crowther kuma ya buɗe mishan. 'Yan Katolika suka biyo baya a 1885. Daga nan ilmin boko ya kafu: an buɗe makarantar Dennis Memorial a 1925, da Kwalejin Christ the King a 1933.

Babbar Kasuwa

Babbar Kasuwar Onitsha tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. An tsara ta layi-layi, masu atamfa da yadi daban, masu takalma daban, masu kayan gida daban, kowane layi da ƙungiyarsa. Ƙarfinta yana cikin tarbiyyar yaran shago: yaro yakan yi wa ubangidansa aiki shekaru, ya koyi ciniki, sa'an nan a sallame shi da jari ya buɗe nasa. Cikin shekarun 1950 da 1960 kasuwar ta yi suna wajen buga ƙananan littattafai masu arha da Turanci, irin rawar da littattafan soyayya suka taka a kasuwannin Kano daga baya.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Daga Arewa ake kai albasa, wake, tumatir, busasshen kifi da dabbobi; daga can kuma a ɗauko manja, yadi da kayan masana'anta. Sunayen titunan Sokoto da Bida a tsakiyar gari shaida ne na daɗewar wannan hulɗa.

Abubuwan Gani

Duk wanda ya je, ya kamata ya ga gadar Kwara da aka kammala a 1965, wadda ta haɗa Onitsha da Asaba, da kuma gada ta biyu da aka buɗe a 2023. Akwai fadar Obi, da manyan majami'un All Saints da Holy Trinity, da kabarin Dakta Nnamdi Azikiwe, shugaban Nijeriya na farko. Ɗan Onitsha ne, amma a Zungeru aka haife shi a 1904, ya tashi yana jin Hausa tun yana ƙarami. Ya rasu a 1996.

Darasin da Ke Ciki

Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, kasuwar ta ƙone, aka karya gadar, ciniki ya tsaya cik, sai bayan yaƙi aka sake gini. A watan Fabrairu na 2006, rikicin da ya tashi a Maiduguri ya haifar da ramuwar gayya a Onitsha, aka yi hasarar rayuka da dukiya a ɓangarorin biyu. Ashe wutar da aka kunna a wani gari, ɗan'uwanka da yake fatauci a wani gari take ci.

Saboda haka, ya kai mai karatu, kada ka yaɗa jita-jita. Ka kare shagon Ibo da ke unguwarku, domin ɗan garinku yana da rumfa a Anaca. Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ne suka ɗaukaka Onitsha?
2. Wace haja ce ake musanya tsakanin Arewa da Onitsha?
3. Me ya sami kasuwar daga 1967 zuwa 1970?